Shirun da Marnie Ta Fasa

"In kika taka ƙafarki rumbun nan ranar Lahadi, kada ki ƙara kira na ubanki."

Haka yayana Clem ya faɗa, yana tsaye a tsakiyar kicin ɗina da takalmin aikinsa, ko gaisuwa babu. Marnie, 'yarsa ɗaya tilo, tana zaune tana feraye min tuffa. Ba ta ɗago ba.

"Baba, kiɗa kawai Fergus zai yi."

"Kiɗa? Wannan kike kira kiɗa?" Ya juyo kaina. "Noreen, ke da kike dafa musu shayi, faɗi tsakaninki da Allah. Mutum ya zauna gaban fiyano ya danna wuri kaɗan, ya koma ya danna su, ya sake komawa, har rana ta karkata. Famfon bayan gidana ma haka yake yi in ya lalace, kuma ban taɓa ganin wanda ya ci ado ya zo sauraronsa ba."

Na ce, "Famfonka ba ya sa ni kuka, Clem."

"Ni yana sa ni. Barci yake hana ni."

Ku san Clem tukuna. Masassaƙin jiragen ruwa ne a Franklin, kuma shi ne shugaban masu busa ƙaho na garin tun Marnie tana zanin goyo. A wurinsa kiɗan da bai girgiza gilashin taga ba bai isa a kira shi kiɗa ba. Da matarsa ta rasu ni na ɗauki Marnie na raina, amma kunnenta shi ya raine shi, cikin ƙaho da ganga. Ya kuma daɗe da zaɓar mata miji a ransa, wato Darcy, abokin aikinsa kuma gwanin busarsa, mutum mai faɗin ƙirji wanda ko dariya ya yi sai an ji a tsallaken kogi.

"Ranar Lahadi ake bikin jirage," in ji Clem. "Darcy zai yi busa shi kaɗai a gaban gari. Ya tambaye ni ko za ki zo, na ce 'yata ce, ina za ta in ba nan ba? So kike in zama maƙaryaci da furfurata?"

"Ban ce ka yi masa alkawari da ni ba, Baba."

"Me Darcy ya rasa?"

"Bai rasa komai ba. Ni ce ba na son sa."

"To shi Fergus ɗin da kike so, uwarsa ta taɓa ba ki kujera a gidanta? Ba a tsaye kika sha shayi ba?"

Wuƙar ta tsaya a hannunta. Nan ya same ta, kuma ya san ya same ta.

"Kin gani ko? Ni na ƙi shi, su sun ƙi ki. A ina za a yi wannan auren, a tsakiyar kogi?"

Ya fita ya bugo min ƙofa kamar ni na yi masa laifi. Hawaye ya sauko wa Marnie har kan tuffar.

"Gwaggo, zan je."

"Na sani," na ce. "Miƙo tuffar nan, kin feraye ta saura ƙwallo."

*

Rumbun da ake magana tsohon wurin shirya tuffa ne a garin Cygnet. Misis Tennant, uwar Fergus, ita ta gyara shi ta sa fiyano a tsakiya, ta tara mutanen da take kira masu saurare. Dokokinta kowa ya haddace su. A tuɓe takalmi a ƙofa. A rufe ido in an fara. Kuma ba a tafa hannu, ko da sautin ya ɗauke, sai mai kiɗa ya ɗaga hannuwansa duka biyun daga kan fiyano ya ɗora a cinya, ya yi gyaran murya a san an gama. Ta ce shirun ƙarshe na cikin kiɗan ne, wanda ya fasa shi ya yi ɓarna a gonar da ba tasa ba.

Ranar Asabar muka kai kek. Tun daga ƙofa muka hango su, Fergus a kan bencinsa, Odette a kujerar hagunsa.

Odette ita ce mai juya masa shafi. Aikin kamar ba komai ba, amma a irin wannan kiɗan da layi ɗaya ke maimaituwa har ido ya ruɗe, mai juya shafi ba takarda take bi ba, mutumin take bi. Ya ɗan sunkuyar da kai, ta miƙe ta juya. Wani lokacin ma ba ya sunkuyarwa, numfashi kawai yake ja, ta riga ta sani. Doguwa ce, siririya, ba ta da hayaniya, kuma a gidan Misis Tennant ba a taɓa barin ta ta sha shayi a tsaye ba.

Na ji Marnie ta matse kwanon kek har murfin ya yi ƙara.

"Dubi yadda take kallon wuyansa, Gwaggo."

"Aikinta ne."

"Ni ma in aka ba ni zan iya."

"Ke da ba ki iya zama shiru a coci?"

Fergus ya hango mu ya taso da sauri, fuskarsa cike da murna. Yaro ne mai sanyin hali, magana ma sai ya auna ta kamar ta sayarwa ce, amma ranar bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya ja Marnie kusa da tagar kicin, ya manta na karɓi kek ɗin na shige ciki. Ko da yake ni ma ban yi tari na tuna masa ba.

"Mama ta yarda."

"Ta yarda da me?"

"Da ke. Da mu." Ya kama hannunta. "Mun kwana biyu muna fama. Ta ce 'yar gidan ƙaho ba za ta iya zaman gidanmu ba, kunnenki ya riga ya toshe. Na ce ta gwada ki. To gobe mai naɗar sauti zai zo daga Hobart, zuwa ɗaya zai yi, kuma sabon kiɗan da na rubuta za a ɗauka. Ta ce in ta ga kin zauna kin saurara har ƙarshe kamar kowa, da bakina zan sanar da baikonmu a wurin shayi, ita kuma za ta tsaya a gefena."

"Shi ke nan? Zama kawai?"

"Ki rufe ido, ki saurara, kada ki tafa sai na ɗaga hannu. Shi ke nan, Marnie."

Ta yi dariya tana share ido. "Ka san abin da na bari don in zo? Baba ya ce ba shi ba ni."

"Zai huce."

"Ba ka san Clem Pybus ba." Ta leƙa wajen fiyanon. "To kaɗa min ƙarshen in ji, don in san inda zan jira."

"A'a. Ƙarshen ban bari kowa ya ji ba, ko Mama."

"Ko Odette?"

Ya sosa ƙeya. "Ita dole ce. Tare muke yi."

Na ga dariyar ta bar fuskar 'yata kamar an goge da tsumma. Shi kuwa bawan Allah bai lura ba, uwarsa ta kira shi ya tafi.

Ba a jima ba Odette ta shigo kicin neman ruwan zafi. Ta gaishe ni da ladabi, sannan ta dubi Marnie.

"Na ji gobe ranarki ce."

"Wa ya faɗa miki?"

"Ba sai an faɗa min ba. In yana farin ciki hannunsa na hagu yakan yi sauri, tun safe nake fama da shi." Ta zuba ruwan a kofi. "Shawara ɗaya zan ba ki. Ki zauna a baya. A gaba ido yakan so buɗewa."

"Na gode. A gaba zan zauna."

"Yadda kika so."

Ta fita a hankali, ko ƙarar takunta ba a ji. Marnie ta bi bayanta da harara.

"Kin ji ko, Gwaggo? Hannunsa na hagu. Ni ban ma san yana da saurin hannu ba, ita ta san wanne ne."

"Ke za a aura ko ita?"

"Ni zai aura, ita zai riƙa yi wa numfashi."

Na ce mata ta bar zancen, kishi ba ya sa kek ya tashi. Amma gaskiya ni ma abin ya tsaya min a rai, don yarinyar ba ta faɗi ƙarya ba.

*

Lahadi da rana rumbun ya cika. Takalma jere a ƙofa, mutane a kan kujeru, wasu a kwance kan tabarma da bargo don sanyi. Mai naɗar sauti ya kafa kayansa, ya roƙi wanda ke da tari ya yi shi yanzu ya gama. Aka yi ta tari kamar asibiti.

Marnie ta zauna a layin farko cikin shuɗiyar rigar mahaifiyarta. Misis Tennant ta zo ta zauna daf da ita, ta dube ta sama da ƙasa.

"Kin zo, Mis Pybus. Na zaci kina bakin kogi."

"Na zo, Misis Tennant."

"Madalla. Nan ba a taka rawa, ina fata an faɗa miki."

Matar nan in ta yi murmushi sai ka duba jikinka ka ga ina ta yanka. Na kashe wutar butar shayi, na samu kujera a bayansu, na rufe ido.

Fergus ya fara.

Wanda bai taɓa zama ba ba zai gane ba, kuma ban ga laifinsa ba, ni ma ranar farko lissafin cefane na yi ta yi a raina. Sauti kaɗan ne, suna zagayawa suna dawowa. Da farko za ka ji haushi, ka ce yaushe zai wuce nan. Daga nan sai ka gaji da jira, ka saki. To a nan abin yake. In ka daina jiran na gaba, sai ka fara jin wanda kake ciki. Sai ka ji ashe ba ɗaya ba ne, wannan ya fi na baya nauyi, wancan ya ɗan makara. Can kuma, ba sallama, sai ya sauya sauti ɗaya tak a ƙasa, ka ji duk ɗakin ya juya da kai. A nan ne nake tuna mijina, kullum, ban san dalili ba.

Ranar kuwa yaron ya wuce kansa. Ina jin numfashin mutane ya daidaita, ina jin katakon rumbun yana amsawa. Kiɗan ya yi ta raguwa, yana zubar da kaya ɗaya bayan ɗaya, har ya rage sauti guda a sama, yana bugawa a hankali. Sai shi ma ya tsaya.

Amma ɗakin bai mutu ba. Akwai wani amo siriri da ya rage a cikin fiyanon, wanda ba wanda ya kaɗa shi, yana shawagi a kanmu. Ban taɓa jin irinsa ba. Tsigar jikina ta tashi. Na san bai gama ba, kowa ya san bai gama ba, muna riƙe da numfashi muna jiran abin da zai fito daga cikin shirun nan.

Sai aka tafa.

Ba ƙaramin tafi ba, ba na kuskure ba. Tafi ne mai faɗin hannu, mai fasa kunne, irin wanda ake yi a bakin kogi in masu ƙaho sun gama. Tun kafin in buɗe ido na san na gidanmu ne.

Marnie tana tsaye, ita kaɗai, tana tafawa, hawaye yana zuba, idonta ƙyam a kan fiyano. Baƙi biyu-uku da suka ruɗe suka ɗan taya ta, suka ga ba haka ba ne suka janye hannu. Amon nan ya tafi. Mai naɗar sauti ya cire abin kunnensa ya ajiye a kan tebur, ya dafe goshi.

Hannuwan Fergus suna kan maɓallan fiyanon har lokacin. Ya daɗe a haka kafin ya janye su, ya rufe fiyanon, ya tashi ya shige ɗakin ajiya ba tare da ya dubi kowa ba.

Misis Tennant ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo gare ni ta ce, "Noreen, ina ganin a ɗora shayi."

*

Ɗakin ajiyar bango ɗaya ne da kicin, kuma bangon katako ne. Ban ce na kasa kunne ba, ban kuma ce na toshe ba.

"Me ya sa?" Muryar Fergus ce, ƙasa-ƙasa.

"Kai za ka tambaye ni?"

"Marnie, ban ɗaga hannu ba. Kin ga ban ɗaga ba."

"Ta yaya za ka ɗaga, hannun Odette yana ƙarƙashin naka?" Kuka ya ci ƙarfinta. "Na rufe ido, Fergus, na rantse na rufe. Na ma ji shi. Karon farko a rayuwata na ji abin da kuke ji, har na ce ashe Baba bai san komai ba. Da ya yi shiru sai na ce bari in ga fuskarka, fuskarka kawai. Sai na gan ta ta baro kujerarta ta hau bencinka, kafaɗarta a jikin taka, ta zura yatsunta ƙarƙashin naka a hankali. A gaban kowa! Don ta san duk idanu a rufe suke!"

"Shi ne kika tafa."

"Me kake so in yi? In zauna in yi ta sauraro ana riƙe maka hannu a ranar baikona?"

"Ba riƙe min hannu take yi ba." Na ji ya ja numfashi. "Akwai maɓallai a ƙasa da nake dannewa ba tare da sun yi ƙara ba, don tsirkiyoyinsu su zauna a sake, su riƙa amsa wa sauran. Amon da kika ji cikin shirun, su ne. Ina bukatar hannuna na hagu don in kaɗa ƙarshen, kuma in na ɗaga kafin wani ya karɓa, amon ya mutu. Dole ta zura yatsunta ƙarƙashin nawa ta karɓe su ɗaya bayan ɗaya. Mun yi wata muna koyon wannan kaɗai."

Ni kaina na ajiye cokalin da ke hannuna.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Don na so ki ji shi, ba ki san shi ba. Abin da zai biyo baya naki ne, Marnie. Tun da na san ki nake rubuta shi. Kowa a ɗakin nan ya rufe ido ya ji, ke kaɗai kika buɗe kika gani."

"To hawayen fa?"

"Wane hawaye?"

"Nata. Tana karɓar maɓallanka tana kuka, yana ɗiga a kan hannun rigarka. Shi ma a takarda ka rubuta shi?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ka ce min ba ka sani ba. Ka dube ni ka ce ba ka san tana son ka ba."

"Ban taɓa ba ta fuska ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Na sani," ya ce a ƙarshe. "Na daɗe da sani. To sai me? Ke na zaɓa. Na yi faɗa da mahaifiyata a kanki, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Abu ɗaya na roƙe ki."

"Ni kuma ubana na bari. Yanzu haka yana bakin kogi yana gaya wa mutane ba shi da 'ya."

"Na san abin da kika bari."

"To ka fita ka sanar. In dai ni ka zaɓa, ka fita yanzu ka faɗa musu, tafi ko ba tafi."

"Da wane baki? Mama ta ce ba za ki iya ba, na ce za ki iya, ke kuma kika tashi tsaye a gaban mutanenta kika nuna ita ce mai gaskiya."

"Wato tafi ɗaya ya fi ni."

"Ba tafin ba ne." Na ji ya zauna a kan akwati. "Da kuskure kika yi, da yanzu muna dariya. Kin san dokar, kin san ana naɗa, kin san shekarun da na zuba a ciki. Kika duba, kika zaɓa, kika fasa shi don ki raba hannuna da nata. Yau kiɗa ne. Gobe in muna gida ɗaya, me za ki fasa?"

"Fergus, don Allah."

"Bar ni tukuna. Ban ce na daina son ki ba, da na daina da abin ya zo min da sauƙi. Amma yau ba zan iya ba."

Ƙofa ta buɗe, ta rufe. Na ji kukan 'yata ita kaɗai a cikin akwatunan tuffa, irin kukan da rabona da jin sa tun ranar da aka binne uwarta. Raina ya ɓaci da ita, ya ɓaci da shi, ya fi ɓaci da tsohuwar da ta mai da aure jarrabawa. Amma shayi ya tafasa, kuma mutane suna jira.

*

A wurin shayi ba wanda ya ambaci abin da ya faru, wanda ya fi zagi ciwo. Ana ta yaba kek ɗina kamar ba a taɓa cin tuffa ba. Marnie ta fito da kumburarrun idanu ta tsaya a bakin ƙofa wajen takalma, ta ƙi tafiya. Na san me take jira. Tana jira ko zai sake shawara.

Misis Tennant ta buga cokali a jikin kofi. Aka yi tsit.

"Ɗana yana da magana."

Fergus ya miƙe. Ya dubi ƙofa, ya dubi ƙasa.

"Na gode da zuwanku," ya ce. "Ku yi haƙuri ba ku ji ƙarshen ba."

Ya zauna.

"Za su ji," in ji uwarsa, tana murmushin nan nata. "Mai naɗar sauti ya yi mana karamci. Ya ce akwai ɗakin naɗa a Melbourne da zai samar mana a wata mai kamawa, inda ba 'yan kallo, ba abin da zai katse. Fergus zai je ya zauna can har a gama. Da wadda za ta riƙe masa maɓallai, ba shakka."

Aka tafa. Wannan karon an halatta.

Na ajiye buta na nufi Marnie, amma Odette ta riga ni. Ta durƙusa tana neman takalminta a cikin jerin, kamar abin da ya kawo ta ke nan. Idonta ita ma ja ne.

"Kin ci nasara," in ji Marnie. "Je ki yi murna."

"Ban yi komai ba."

"Kin hau bencinsa kina kuka."

"Na yi kuka." Odette ta miƙe da takalmin a hannu. "Ba ki yi ƙarya ba, ina son sa. Tun kafin ya san akwai ki a duniya nake son sa. Kin san me ya sa na yi kukan? Jiya da yamma na gaya wa Misis Tennant na ajiye aikin. Na ce ba zan iya zama a hagunsa ina juya wa mijin wata shafi ba. Yayata ta samar min aikin koyarwa a Launceston, kayana suna cikin mota tun safe. Maɓallan nan da kika ga na karɓa, su ne na ƙarshe da zan taɓa karɓa a hannunsa. Da kin bari ya kaɗa layin nan da ya rage, da na sake su, na sa takalmina, ba za ki ƙara gani na ba."

Marnie ta dafa bango.

"Ƙarya kike yi."

"Tambayi gwaggonki, ta ga motar."

Na ga motar. Na ga akwatuna har rufi, na zaci kayan mai naɗar sauti ne. Na gyaɗa mata kai.

"Odette!" Muryar Misis Tennant ce daga ciki. "Zo mana, ana maganar ranar tafiya."

Odette ta dubi takalmin da ke hannunta. Ta sunkuya ta mayar da shi cikin jerin, ta gyara masa zama daf da na Fergus.

"Na so in bar miki shi, Marnie," ta ce. "Ke kika kira ni na dawo."

Ta juya ta koma ciki.